Sandar Hagu a Filin Hoki

Ni dai bokona bai wuce aji huɗu na elemantare ba, amma na yi shekaru ina masinja a kotu, kuma wanda ya daɗe da fayil a hammata, ko bai buɗe ba, wani abu yana ɗiga masa. Shi ya sa tun da na ajiye aiki, duk maganar da ta shafi doka a layinmu na Gyadi-Gyadi ni ake kawo wa, in ba a kawo ba in kai kaina. Don haka da wasan hoki ya shigo unguwarmu da tarin dokokinsa, ban ga dalilin da zai wuce ta ƙofar gidana bai gaishe ni ba.

Wadda ta kawo shi maƙwabciyata ce, malamar motsa jiki a wata sakandaren 'yan mata da ke Tarauni. Iyayenta mutanen kudu ne, Kiristoci, amma a Kano aka yanke mata cibiya, Hausarta kuwa ta fi ta Bazazzage daɗin ji. Bazazzage abokina ne, kafinta, shagonsa yana kallon ƙofar gidana. Tun muna samari ya zo Kano da gizago a kafaɗa, ya yi aure, ya yi gida, ya yi jikoki, har yau yana cewa wucewa yake yi. Tsakanin Bakano da Bazazzage akwai wasan da muka tarar iyaye suna yi: ni in ce masa bawana, shi ya ce mini bawansa, in zagi fatensu, ya zagi gurasarmu, ba mai fushi. Abin da ɗansa na cikinsa ba zai iya faɗa masa ba, ni sai in faɗa a bainar jama'a a yi dariya.

Abokin nan nawa bahago ne. Yana ƙarami a garinsu, ƙanin mahaifinsa ya sha alwashin sai ya gyara shi. Aka riƙa ɗaure masa hannun hagu da tsumma a jikin ƙugu tun da safe, in ya kwance a sa masa tsumagiya. An yi nasara rabi. Yana cin tuwo da dama, yana gaisawa da dama, yana karɓar abu da dama kamar kowane ɗan mutunci, amma zarto da guduma da gizago hagu ce take riƙe su har gobe. Ba ya son a ta da zancen tsumman nan. Ni kaɗai nake tayarwa, ni ma sai na duba ba guduma a kusa.

Cikin 'ya'yansa ba wanda ya gado shi, sai jikarsa, 'yar babban ɗansa direban tirela, wadda a hannunsa ta tashi. Ranar da ya ga ta miƙa hagu ta ɗauki fensir, ya tara gidan ya kafa doka: ci da gaisuwa da dama, wannan ladabi ne, abin da ya rage kuwa, duk wanda ya taɓa mata hannu ya nemi wani gidan. Tun daga nan ba ya kiranta sai magajiyata. A shekarar da nake ba da labari ta kai aji huɗu a makarantar da Malama take koyarwa, kuma tana cikin waɗanda hoki ya shiga ransu.

Ni na fara zuwa filin ne a matsayin ma'aikaci. Fili ne a bayan makarantar, ba katanga, 'yan adaidaita sahu sun mayar da shi yanke zuwa Unguwar Gano, awaki kuma sun mayar da shi gidan ubansu. Malama ta roƙe ni in riƙa zama a gefe da yamma ina tsawatarwa, wai muryata tana da kwarjini. Na karɓa, da sharaɗin za ta karanta mini dokar wasan sashe-sashe, don ba na gadin abin da ban san hukuncinsa ba.

Mutum goma sha ɗaya nan, goma sha ɗaya can, da raga biyu. Iyakar kamarsa da ƙwallon ƙafa ke nan. Ƙwallon ba ta fi lemon zaƙi girma ba, amma taurin dutse gare ta. Ta taɓa gaishe ni a ƙauri, na amsa har na kwana uku. Da sanda ake korar ta, ƙafa kuwa haramun ce, ko ke kika je mata ko ita ta zo miki. Na ce wa Malama mu a kotu mukan duba niyya. Ta ce a nan ma alƙali yakan duba ko an ci riba da taɓawar, amma kada in gaya wa yaran, gara su zauna da tsoro. Mai tsaron raga kaɗai aka yarje wa ƙafa da jiki, ita ma sai an naɗe ta da soso da kwalkwali, kamar an yi mata ɗorin karaya tun ba ta karye ba.

Gaban kowace raga akwai rabin da'ira, Malama da toka take zana ta. Wata yamma wata doguwar yarinya ta maka ƙwallo tun daga tsakiyar fili ta faɗa raga, na miƙe ina tafi, sai na ga ni kaɗai nake yi.

"Baba, zauna," in ji Malama. "Ba ci ba ne."

"Ina ganin ta a cikin raga, 'yata."

"Sai mai kai hari ta taɓa ta a cikin da'ira. In ba haka ba, ko ta yaga ragar, banza ce."

Na zauna, na ce wannan ya yi daidai da shari'a: ƙarar da aka shigar a kotun da ba ta da hurumi, komai kyanta, kora ake yi. Na kuma yaba da cewa alƙalai biyu ne, kowa da ɓangarensa, don alƙali ɗaya yakan yi gyangyaɗi, na gani da idona. Kati uku ne a aljihunsu. Kore, ki fita ki huce na minti biyu. Ɗorawa, ki daɗe a waje. Ja, sai wata rana. Babu satar gida. Wasa kashi huɗu ne, kowane minti goma sha biyar, canji kuwa ba iyaka, ki fita ki sha ruwa ki dawo.

Sai ita sandar. Kanta a lanƙwashe yake kamar ƙugiya, fuska ɗaya a shafe, ɗayar a kumbure kamar bayan ludayi. Da shafaffiyar fuskar ake taɓa ƙwallo. Wadda ta sa bayan, usur. Sandunan makarantar kuwa 'yan kaɗan ne, tsofaffi, karɓa-karɓa ake yi. Da dogon hutun damina ya zo, Malama ta kulle su a sito, ta ce da an dawo za ta zaɓi waɗanda za su tsaya wa makaranta a gasa da sauran makarantu, mai so ta nemi abin da za ta riƙa gwadawa a gida.

Jikar Bazazzage ta so shiga cikin sha ɗayan nan kamar ta yi me. Kafin a kulle sito ta aro sanda ɗaya ta kwana a gida, ta kai wa kakanta ko zai iya yin irinta. Ina zaune a bencin shagon ya juya ta, ya auna, ya zana ta a jikin kwali, ya ce ta riƙe ya gani. Ta riƙe, ta ja ƙwallo ta gefen damanta. Ya dube ta ya dube ta.

Ya samo maɗaci mai kyau. Ya ture aikin ƙofofin wani Alhaji na Babban Giji gefe, ya shiga sassaƙa a bayan shago, ya hana ni leƙe, wai Bakano in ya ga abu sai ya kai shi kasuwa. Da ya gama ya fito da ita, gaskiya ban taɓa ganin ya yi aiki mai kyanta ba. Ya goge ta da samfefa har tana ɗaukar ido, ya naɗe mariƙin da robar tayar keke. Ya kira yarinyar ya miƙa mata a gabana.

"Ga taki, magajiyata. Waccan ta masu dama ce, na ga yadda take wahalar da ke. Wannan na juya miki ita. Hannunki aka yi wa."

Ta karɓa da hannu biyu, ta durƙusa ta yi godiya, ta shige gida. Ni ban ga komai ba sai kyau.

Kashegari da hantsi ta yi sallama a zaurena, ta gaishe ni, ta zauna a dokin ƙofa tana murza bakin hijabi.

"Baba Masinja, ba za a bar ni in shiga fili da sandar nan ba."

"Don ta maɗaci ce?"

"Don ta hagu ce. Babu sandar hagu a hoki. Duk duniya fuska ɗaya ake shafewa, bahago da mai dama iri ɗaya suke riƙewa. Malama ta faɗa mana tun ranar farko."

"To me ya hana ki faɗa masa jiya?"

Ta sunkuyar da kai. "Ka ga fuskarsa ai."

Na gani kuwa. Ta ce kakarta ta ce ba ruwanta, babanta yana hanyar Legas, shi ma ko yana nan ba zai iya ba. Duk gidan sun yanke cewa mutum ɗaya ne zai faɗa masa ya kwana lafiya. Na ce ta tafi, an karɓi ƙara. Kafin in yi komai na leƙa wajen Malama na tabbatar, don masinja ba ya kai sammacin da bai ga hatimi a kai ba. Ta ce haka ne, kuma ko ita ta kau da kai a makaranta, alƙalan gasa za su duba sanda kafin wasa, su mayar da yarinyar benci.

Bayan la'asar na same shi yana fere ƙafar kujera. Hausawa sun ce da wasa ake gaya wa wawa gaskiya, sai na fara daga nan.

"Bawana, ashe har a katako ba kwa bin hanya sai kun bauɗe?"

"Me kuma gurasa ta sa ka faɗa yau?"

"Sandarka. Kyakkyawa ce, amma doka ba ta san da ita ba. Ka ɗinka wa yarinya riga ta biki, ka sa wuyan a baya."

Na yi masa bayani dalla-dalla, ina sa dariya a tsakani. Bai yi dariyar ba. Ya ajiye gizago a hankali, ya share hannu a jikin riga.

"Wato su ma tsumma za su ɗaura mata."

"Ba tsumma ba ne, doka ce."

"Ƙanin babana ma doka ya kira shi." Ya ɗauki gizagonsa. "Ka gaya wa Malama na gode. Yarinya ta bar wasan. In ba su da wurin hannunta, ba su da wurinta."

A shekarun da muka yi tare, ranar ce kaɗai na yi masa wasa ya mayar mini da gaske. Na tashi na bar shagon. Da magariba aka sanar da hukuncin a gidansa, kuma a gidan nan in ya faɗa ya faɗa. Yarinyar ba ta yi musu ba. Sai dai kullum da yamma nakan hango ta a soro tana jan ƙwallon tsumma da muciya, da ta ji tarinsa ta ɓoye.

Na bar shi ya huce, hutu yana ta ƙarewa. Sannan na koma da rigar aiki, wato tsohon kakina, na tsaya a ƙofar shago ban zauna ba.

"An ɗaukaka ƙara," na ce. "Gobe da yamma a filin Tarauni."

"Wa ya ɗaukaka?"

"Ni. A ina aka taɓa yanke hukunci ba a ji ɗaya ɓangaren ba? Ko a Zazzau haka kuke yi? Ka zo da sandarka a matsayin shaida. In ka ji tsoron mace ta kayar da kai a magana, ka faɗa, in rubuta cewa wanda ake ƙara ya gudu."

Wannan ta kama shi. Kashegari muka hau adaidaita sahu, shi da sandarsa a naɗe cikin buhu, yarinyar a gefe ba ta ko tari. An yi ruwa da safe, filin ya yi laushi. Malama tana jiran mu da sandar makaranta ɗaya da ƙwallo. Ta rusuna ta gaishe shi, ya amsa a daƙile, ya kwance buhu. Ta karɓi sandarsa ta shafa ta tun daga kai har mariƙi.

"Baba, wannan aikin ko a kanti ban ga irinsa ba."

"Amma ba ta da amfani."

"A fili ba ta da shi. In kowa yana kai sanda ta dama, mutum ɗaya yana kawo tasa ta hagu, ranar da suka haɗu a kan ƙwallo wani zai rasa haƙori. Shi ya sa aka ce kowa iri ɗaya."

"Iri ɗaya irin na masu dama."

Ba ta ja da shi ba. Ta miƙa masa sandar makaranta ta ce ya riƙe yadda za ta nuna masa, in ya so ya yanke hukuncinsa bayan nan. Ta sa hagunsa a can saman mariƙi ta ce ya damƙe. Ta sa damansa a ƙasa ta ce ya sassauta, kada ya matse. Ta ajiye ƙwallo ta ce ya tura ta zuwa hagu, sannan ya dawo da ita dama, kuma kada bayan sanda ya taɓa ta.

Ya tura. Da ya zo dawowa da ita ya tsaya, don shafaffiyar fuskar tana kallon wancan gefen. Ya ƙura wa sandar ido kamar kafinta a gaban katako mai gaɓa. Can sai ya murza wuyan hannunsa na hagu, sandar ta juya a cikin tafin damansa, kanta ya kife, fuskar ta dawo kan ƙwallo. Ya jawo ta. Ya sake turawa, ya sake murzawa. Tsoho da furfura da babbar riga, ya duƙa yana kai ƙwallo yana kawowa, har wani ɗan adaidaita ya tsaya kallo na kore shi.

"Wannan hannun," ya ce, yana kallon damansa, "me yake yi a nan?"

"Rakiya, da ɗan ƙarin ƙarfi," in ji Malama. "Juyi da saiti duk na sama ne. Masu dama sukan daɗe kafin hagunsu ta koya. Ita jikarka da shi ta zo."

"Ashe yaron shago ne." Ya miƙo mini sandar. "Bakano, gwada mu gani."

Na gwada don kare mutuncin Kano. Na murza, sandar ta ƙi, na sa bayanta, Malama ta ce laifi. Na gyara, ƙwallo ta hau ƙafata, ta ce laifi na biyu. Bazazzage ya yi dariyar da ya hana ni ranar nan, har da riƙe ciki. Ya ce shi dama ya san wanda ya ƙago wasan nan bahago ne, ya ɓoye a cikin Turawa ya rama mana. Na ce babu shaida a kan haka. Ya ce ga shaida nan tana ɗingishi.

Sannan ya juya ga yarinyar. "Ke kuma kin sani kika karɓa kika yi godiya?"

"Kyauta ce, Kaka."

Ya tambayi Malama ko akwai wata doka a kan sandar da ba a gaya masa ba, kada a sake mayar da shi. Ta ce kada ta yi kaifi ko tsaga, kuma kada ta yi faɗi, don akwai zoben da alƙalai suke zura ta a ciki, sai ta wuce. Ya ciro igiyar awo daga aljihu ya auna faɗin ta makarantar, ya ce a ba shi aron ta zuwa jibi.

Ta biyun ba ta kai ta farkon kyau ba, don sauri ya yi, ragowar maɗacin kuma yana da ɗan tabo. Amma fuskarta tana inda doka ta ce. Yarinyar ta ajiye muciya, ta samu sauran hutun tana gwadawa a soro, shi kuma yana leƙowa daga shago yana gyara mata riƙo, mutumin da sau ɗaya ya taɓa jan ƙwallo da sandar hoki.

Ranar zaɓe muka je tare, muka zauna a kan dutsen da nake zama in ina gadi. Ba ta fara da kyau ba. Ƙwallo ta taɓa ƙafarta, aka busa. Daga baya ta ƙi ja da baya da aka ba ɗaya ɓangaren bugu, Malama ta ɗaga mata koren kati, ta fito ta tsaya kusa da mu tana haki. Kakanta ya yunƙura zai yi magana na riƙe masa riga, na ce raina kotu ne. Da ta koma, aka turo mata ƙwallo ta gefen hagu, inda sauran yaran suke ƙin tsayawa don sai an kife sanda. Ta kife, ta wuce ɗaya, ta shiga da'ira, ta miƙa wa doguwar yarinyar nan, ita kuma ta tura raga. Wannan karon da na miƙe ba ni kaɗai ba ne.

Da Malama ta jera waɗanda ta zaɓa, tana ciki, a gefen hagu. Sai da muka hau adaidaita Bazazzage ya ce kujerar ta yi tauri, aikin kafintan Kano ne.

Sandar farko ta daɗe a rataye a shagonsa. Da gwiwata ta fara ciwo, wata safiya ya sauko da ita, ya juya kanta sama, ya buga mata roba a gindi, ya miƙo mini. Ya ce tunda doka ta kore ta daga fili, gara ta ƙare a hannun ɗan doka. Ƙugiyar ta zauna a tafina daidai. Da ita nake zuwa masallaci, da ita nake kore awaki a filin Tarauni, kuma da dama nake riƙe ta, abin da har yanzu yake cewa cin amana ne.